Naira 500 a Kano, sefa 500 a Garwa: adalci ne ko cuta?

Maman Ilham, Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ba da faɗa na zo ba, amma abin ya tsaya min a rai. Daren jiya na gama shafukan kyauta na wani littafi, daidai inda amarya ta gane ƙanin tsohon saurayinta aka ɗaura mata, sai marubuciya ta tsaya cak. A ƙasa ta rubuta: 'yan Najeriya naira 500, 'yan Nijar da Kamaru da Chadi sefa 500. Na biya, don na san ba zan runtsa ba. Da safe na biya ta wurin mai canji a babbar kasuwa, ya ce sefa 500 yanzu ta haura naira 1000. Ke nan kuɗin mutum biyu na biya har da ɗori, a kan labari ɗaya, zauren WhatsApp ɗaya. Ni dai a wurina wannan cuta ce.

Anti Binta, Marwa: Wa alaikumus salam. Maman Ilham, ni nake karɓar wa wata marubuciya kuɗi a nan, saboda haka bari ki ji yadda ɗari biyar ɗinki take tafiya. Kin turo ta Orange Money ko MTN. In zan cire, akwai kuɗin cirewa, ga harajin 0.2 cikin ɗari da gwamnati ta ɗora a kan turawa da cirewa tun Janairun 2022. Sai na tara na mako biyu, in kai wa mai canji ya ci nasa, sannan wani yaro mai asusu a Najeriya ya tura mata. Ni ma ba don Allah kaɗai nake yi ba, ina da kasona, kuma ni ce mai amsa saƙo ƙarfe ɗayan dare in an manta ba a sa mutum a zaure ba. 'Yar Kano kuwa daga asusunta zuwa asusun marubuciya, shi ke nan.

Maman Ilham: Anti, na ji. Amma duk waɗannan hannayen sun cinye rabi? Ki faɗi tsakani da Allah.

Anti Binta: Ba su kai rabi ba. Wannan kam ba zan yi miki ƙarya ba.

Hajiya Ladi, Njamena: Ku yara kuna kallon abin ta baibai. Ba ke aka ƙara wa ba, su ne kuɗinsu ya faɗi. A 2021 naira da sefa kusan kunnen doki suke a hannun 'yan canji, shi ya sa marubuta suka saba rubuta lamba ɗaya, kuma ba wanda ya yi ƙorafi. A Yunin 2023 gwamnatinsu ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, ta yi ƙasa, tamu kuwa tana ɗaure da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Ɗari biyar ɗin da kike biya bara waccan ita kike biya yau. Marubuciyar ce take asara a kan 'yan ƙasarta. Ku na Garwa ai kun ga abin da ya sami man zuwa-zuwa, fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage, a wannan shekarar da suka cire tallafin mai, komai nasu ya hargitse.

Zainabu, Kuseri: Hajiya, da girmanki, amma wannan hujjar ba ta shige ni ba. In asara take yi a kan 'yan ƙasarta, ta gyara can mana. Me ya sa mu za mu toshe ramin? A Amazon marubuci yana iya sa wa kowace kasuwa farashinta, kuma abin da aka saba shi ne a sassauta wa inda aljihu bai da nauyi, kamar Indiya. Mu fa? Mai sayar da ƙosai a Kuseri ta fi ta Maiduguri arziki ne?

Hajiya Ladi: Ba ta fi ta ba, 'yata. Amma ki je ki ce wa 'yar Maiduguri ta biya naira 1200 ki ga mutum nawa za su rage a zauren.

Ummi, Ngaundere: Ku ba ni dama, ni da nake rubutawa. Littafina na farko nake ciki, shafi na 47. Da babban yatsa nake bugawa a waya, bayan na kwantar da yara, wani lokaci wuta ta ɗauke in kai caji shagon maƙwabci. Wata huɗu ke nan. Waɗanda suka biya ni ba su cika zaure ɗaya ba, nesa ma, alhali zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1024. Amma shafin da na saki da asuba, kafin azahar na gan shi a zaure uku da ban sani ba, an goge sunana. Akwai wanda ya karanta shi da murya ya ɗora a YouTube, ko sallama bai yi min ba. Shi ya sa in na ga marubuciya ta rubuta "ban yafe ba" a saman kowane shafi ba na ganin laifinta. Ku kuna lissafin canji, ni ina lissafin mutum ɗaya ya biya, ashirin sun karanta.

Maman Ilham: Ayya Ummi, Allah ya saka miki. Amma kin ga, wannan ma shi ne. Mu da muke biya mu ake ƙara wa kaya, ɓarayin kuwa ko a jikinsu.

Malam Sani mai gyaran waya, Garwa: Ku yi haƙuri in sa baki cikin zancen mata, ni ma ina karantawa, ba na ɓoyewa. Ni a ganina ku gode wa Allah da tsarin biya sau ɗaya. Mata suna kawo min waya da manhajojin nan irin su GoodNovel da Dreame, inda ake sayen sulalla a buɗe babi ɗaya-ɗaya. 'Yan babin farko kyauta, sai an kama ki sannan a rufe ƙofa, labarin kuma ya yi ta jan jiki babi ɗaruruwa, don kowane ƙarin babi kuɗi ne. In kika tara abin da kika kashe sai ki riƙe baki. Wattpad ma da aka sani da kyauta ta shigo da na biya tun 2019, kafin kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye ta a 2021. Amazon ta gwada nata na babi-babi, Kindle Vella, a 2021, ta rufe shi a Fabrairun 2025.

Zainabu: To a yi na wata-wata mana, kamar Kindle Unlimited na Amazon. Ki biya sau ɗaya a wata, ki karanta iya ƙarfinki.

Malam Sani: Dala 11.99 ne a wata a Amurka, Zainabu, wajen jaka bakwai namu, wato sefa 7000. Kuma tun 2015 ba a biyan marubuci a kan littafi, sai a kan shafin da aka karanta, shafi ɗaya bai wuce rabin santi ba, sannan sai ya yi alkawarin kwana 90 ba zai sa littafin a wani wuri ba. Haya ce. Ranar da kika daina biya, kantar littattafanki ta koma wayam.

Hajiya Ladi: Haya ai ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Da can littattafan Kano na takarda direbobi ne suke shigo mana da su ta Gamboru da Fotokol, su haye gadar Ngeli. Akwai wata mata a unguwarmu da akwatin ƙarfe cike da su, ki ba da 'yan sefa kaɗan ki ɗauka kwana biyu, in kin yaga bango ki biya. Littafi ɗaya kashi uku ko huɗu, kowanne da kuɗinsa, kuma na ƙarshe sai ya yi wata shida bai iso ba. Babi-babin da Malam Sani yake faɗa, mun sha shi tun ba waya. Abin da nake tsoro ni daban ne. Daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 an toshe mana WhatsApp da Facebook a Chadi, wata 16. Wadda ta biya aka sa ta a zaure, me ta riƙe a hannu? OkadaBooks ta Najeriya, da marubutan Hausa da yawa suka zuba littattafansu, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Ni yanzu ba na tambayar nawa ne, sai in ce: in an gama za a ba ni cikakke in ajiye a wayata? In eh, ko jaka ce zan biya.

Zainabu: Ni dai na samo hanyata. Ɗan yayata yana karatu a Mubi, yana da asusu. Ina ba mahaifiyarsa sefa 200, shi ya tura naira 500, a sa ni a zaure a matsayin 'yar Najeriya.

Anti Binta: Da lambar Kamaru? +237 tana nan ɓaro-ɓaro a zauren.

Zainabu: Ba wadda ta taɓa tambayata.

Ummi: Yaya Zainabu, wannan kam ban sani ba ko ya halatta. Mai kaya ta ce ga farashinku.

Zainabu: Ta ce naira 500, an tura mata naira 500 cif, ba hannun kowa a tsakani. In na je kasuwar Mubi da ƙafata na sayi atamfa, sai mai shago ya ce in nuna katin ɗan ƙasa?

Malam Sani: A kai wa malamai wannan, ni kwano da allon waya na sani.

Ummi: To ni ga nawa, tunda a nan nake, kuma ni ce abin ya juye wa: masu karatuna na Najeriya sun fi na gida yawa. Na sa sefa 300, na sa naira 500, ko da yake na san ba su yi daidai ba. Wata 'yar Zariya ta ce na yi tsada.

Maman Ilham: Anti Binta, yanzu na duba, ashe marubuciyar taki ce ma. Na ga an ce kashi na biyu ya fito. Zan turo 300, ki gaya mata saƙo ne daga Garwa.

Anti Binta: Saƙo zan kai shi yau ɗin nan, har da hoton wannan hirar in kun yarda. Amma zaure kam sai kin cika 200. Kuma ki yi sauri, an ce tsohon saurayin ya dawo daga Saudiyya a shafi na uku.