Wane suna za mu ba furotin ɗin "antifiriz" na jinin kifi?

Mai fassara a Jos: Salamu alaikum jama'a. Ina haɗa shirin kimiyya na rediyo, sai wata kalma ta tsaya mini a wuya. Akwai kifaye a tekun Antaktika da ke rayuwa cikin ruwan da sanyinsa ya kai kusan digiri 1.9 ƙasa da sifiri. Jinin yawancin sauran kifaye tun kafin nan yake daskarewa, su kuwa ko a jikinsu. A 1969 wani masani Ba'amurke, Arthur DeVries, ya nuna cewa wani furotin ne a jininsu ke kare su. Turawa na kiransa furotin ɗin antifiriz. Na rubuta "maganin ƙanƙara", amma raina bai kwanta ba.

Dillalin tumatir, Farin Gada: Malam, rufa wa kanka asiri. Ka ce maganin ƙanƙara a Filato, manoman dankali da tumatir za su ɗauka abin korar ƙanƙarar sama ne, su hana wayarka sakat.

Bakanike: A bar shi antifiriz mana. Ai mun san shi, shi ne ake haɗawa a ruwan lagireto.

Malama mai koyar da kimiyya: A'a Oga, nan ne haɗarin. Na lagireto guba ne, kuma da yawansa yake aiki: sai an zuba shi sosai kafin ruwa ya ƙi daskarewa. Na kifi kuwa ɗan kaɗan ya wadatar, don dabararsa daban ce. Ƙanƙara takan fara ne da 'yan ƙwayoyi ƙanana. Furotin ɗin sai ya manne a jikin ƙwayar, ya hana ruwa ƙaruwa a kanta. Ƙwayar tana nan cikin jinin, girma ne ya gagare ta. Su kansu Turawan sun guji sunan da abin ya zo ga abinci. Kamfanin Unilever ya sa shi a wasu nau'o'in askirim don ƙwayoyin ƙanƙarar su tsaya ƙanana, ya yi laushi ko da an rage mai, kuma suna ce masa furotin mai tsara ƙanƙara. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2009. Ba kifi suke matsewa ba, yis ɗin burodi ne aka sa wa ƙwayar halittar wani kifi yake samar da shi.

Mai fassara a Jos: To Malama, "hana-daskare" fa? Ya hau tsarin hana-salla da hana-rantsuwa.

Ma'aikacin ɗakin gwajin jini: Yana da daɗin faɗa, amma zai ba mu matsala a asibiti. Abin da masu bincike ke nema shi ne a daskarar da ƙwayoyin jini, ko maniyyi, ko ƙwan haihuwa, ba tare da ƙanƙara ta yayyaga su ba. Ɓarnar ma sau da yawa wajen narkarwa take faruwa, lokacin da ƙananan ƙwayoyi ke haɗewa su zama manya. Zuciyar da za a dasa wa wani, awa huɗu zuwa shida take jurewa a cikin sanyi, shi ya sa ake kwaɗayin abin da zai tsawaita lokacin. Har yanzu dai yawancin wannan a matakin gwaji yake. Akwai kuma akasin haka: idan furotin ɗin ya yi yawa, ƙanƙarar takan fito da tsini, har ana gwada ta wajen kashe ƙwayoyin ciwon daji da sanyi. Ka ga a duka biyun an daskare.

Wani dattijo daga Bukur: 'Ya'yana, kun yi ta kewaye. Abin da Malama ta kwatanta ai dabaibayi ne. Jakin da aka dabaibaye yana nan a gabanka, nisa ne ba zai yi ba. Ku ce dabaibayin ƙanƙara.

Malama mai koyar da kimiyya: Allah ya ƙara girma Baba, ya zauna daram. Sai dai a jarrabawa zan so a ga kalmar furotin, kar ɗalibi ya zaci igiya ce.

Dillalin tumatir, Farin Gada: Yaran yanzu sun san dabaibayi kuwa? Takunkumi suka fi ji a labarai.

Mai fassara a Jos: Takunkumi baki yake rufewa Alhaji, kuma siyasa ta riga ta cinye shi. A shirin zan fara da "furotin mai dabaibaye ƙanƙara", daga baya in riƙa cewa "dabaibayin ƙanƙara". Oga, na lagiretonku mun bar muku shi da sunansa.

Bakanike: Ba laifi. Amma fa in mai askirim ya rubuta dabaibayi a jikin roba, ni dai sai na tambaya kafin in saya wa yara.