Gansakuka ta mamaye ciyawar bayan gida: a zuba taki yanzu ko a jira?

Abu Hafsat, Manchester: Assalamu alaikum. Gansakuka ta cinye kusan rabin ciyawar da ke bayan gidan da muke haya, musamman gefen da shingen maƙwabci yake yi wa inuwa, inda ƙasar laka ce, ruwa kuma yakan kwanta. Yanzu tsakiyar Oktoba muke, wa'adin hayarmu zai cika a Maris, kuma yarjejeniya ta ce in mayar da filin yadda na same shi. Ina da ragowar takin bazara mai yawan naitirojin. Shin in zuba shi yanzu, ko in fara kashe gansakukar in bar taki sai sanyi ya wuce?

Malam Sani, Zariya: Wa alaikumus salam. Ciyawa dangin hatsi ce, abin da hatsi yake so kuwa shi ne yuriya. Ka watsa mata da yamma, ka bi da ruwa, cikin mako guda za ta yi kore shar.

Maman Ilham, Leeds: Malam, ba rashin kore ne damuwarsa ba, gansakukar ma ai kore ce. Ni abin da ya same mu har yau yana ci mini rai. Maigidana ya sayo garin salfet na ƙarfe, wato maganin kashe gansakuka, ya barbaɗa ranar da ake iska, kwana goma ba su cika ba gansakukar ta yi baƙi ƙirin, muka yi murna. Ashe garin ya zuba a kan daɓen siminti, da aka yi ruwa sai jan tabo irin na tsatsa ya fito tun daga bakin ƙofa har gindin katanga, ga sawun takalmin yara a jere a kansa. Na durƙusa na goge da buroshi har hannuna ya yi kanta, bai fita ba. Da muka kwashe matacciyar gansakukar kuma sai ƙasa tsirara ta bayyana, domin ita ce dama ta rufe wurin. Mai gidan hayar ya zaftare fam 350 daga kuɗin ajiyarmu, ba mu da hoton ranar da muka shiga, dole muka haƙura.

Hajiya Balaraba, Landan: Allah Ya mayar miki da alheri. Amma tun 2007 doka a Ingila ta wajabta ajiye irin wannan kuɗi ƙarƙashin tsarin kariya, kuma mai haya yana da ikon ƙalubalantar abin da aka cire masa ba tare da ya biya komai ba. Shin an sanar da ku haka?

Maman Ilham: Sai daga baya muka sani, Hajiya, bayan mun riga mun sa hannu.

Baban Khalil, Glasgow: Mu koma kan tambayar. Abu Hafsat, kada ka zuba wannan takin. Naitirojin mai yawa a ƙarshen kaka yana fito da ganye mai taushi wanda sanyi da cutar ruɓa suke saurin kamawa, shi ya sa Ƙungiyar Masu Lambu ta Masarautar Birtaniya take ba da shawarar a daina takin bazara bayan Agusta. Ka nemi na kaka, mai ƙarancin naitirojin da yawan potasiyam. Ka sa maganin gansakuka ranar da babu iska, ka share abin da ya faɗa kan daɓe nan take, bayan mako biyu ka kwashe ta da manjagara. Sannan ka bi filin da shebur mai yatsu kana huda shi zurfin santimita 10 zuwa 15, ka cika ramukan da yashi mai kaifi. Ka kuma ɗaga bakin injin yanka zuwa kimanin santimita 4, domin aski har ƙasa shi ne yake buɗe mata hanya. Kilo ɗaya na maganin fam 9 na saya, hayar injin karce gansakuka kuma fam 45 a wuni.

Alhaji Nuhu, Seattle: Ban yarda ba. A nan ma ruwa ba ya yankewa, gansakuka har kan rufin gida take hawa, amma malaman gona na jami'o'i suna ɗaukar takin ƙarshen kaka a matsayin mafi muhimmanci a shekara, kuma da naitirojin a cikinsa. Ciyawata da shi take farfaɗowa da wuri.

Baban Khalil: Alhaji, a Amurkar ma ba baki ɗaya ake magana ba, tunda jihar Maryland ta hana masu gida zuba wa ciyawa taki daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Maris. Wanda yake Manchester shawarar mutanen Ingila ya kamata ya bi.

Abba, Birmingham: Fam 9? Ni fam 22 na biya, wani kamfani kuma ya nemi fam 180 ya yi aikin duka. Da an bar mu mu ɗaure ragon layya a wurin, da ya share ciyawar ya kuma ba ta taki kyauta.

Malam Sani: Rago ba ya cin gansakuka, Abba. Shekara talatin ina noma, kuma ina nan kan bakata game da yuriya.

Abu Hafsat: Na gode muku duka. Abin da ban ji ba shi ne ko iri zai tsiro idan na shuka yanzu a wuraren da za su yi sanƙo.

Hajiya Balaraba: Iri yana buƙatar ɗumin ƙasa na wajen digiri 8 zuwa 10, saboda haka lokaci ya kusa ƙure maka. Amma muddin shingen nan yana tare rana, gansakukar za ta dawo. Wata doka ta 2003 a Ingila ta ba da damar kai ƙara ƙaramar hukuma idan shinge mai ganye duk shekara ya haura mita 2, bayan an gwada sulhu.

Maman Ilham: Da kuɗi ake shigar da wannan ƙarar, Hajiya, kuma ba kaɗan ba. Maƙwabcinmu na yanzu shingensa ya kusa kai tagar bene, na yi masa magana cikin mutunci, ya ce tsuntsaye suna kwana a ciki. Abu Hafsat, naka maƙwabcin mai gida ne ko shi ma ɗan haya ne?