Bauchi zuwa Jos a babur cikin hunturu

Tambaya: Jama'a, wane shiri ake yi wa sammakon Jos a babur cikin hunturun nan?

Amsa: Ɗan'uwa, bari rana ta fito tukuna. Daga Toro hanya sai hawa, ga iska. Yatsu ke fara sandarewa, har matse birki da kuloci ya gagara. Sa safar hannu mai kauri, ka cusa jarida a ƙirji ƙarƙashin jaket.

Amsa: Sanyi na sa baƙin mai kauri. Ja cok, wato abin da ke rage wa inji iska don ya tashi cikin sanyi, inji ya yi minti 3 yana ɗumi, sannan ka mayar. In ka manta ba ka mayar da cok ba, filogi zai yi baƙi, fetur ya zurare.

Amsa: Malam, ƙura fa? Wanke filtar iska, ɗiga wa ceni mai. In da hazo, kunna fitila ko da rana.