Kwana huɗu a Tokyo: ta ina zan fara?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum. Taro zai kai ni Tokyo, kwana huɗu kacal. Me zan fara shiryawa?

Yayan Tudun Wada: Wa alaikumus salam, ƙanena. Biza tukuna, ka tuntuɓi ofishin jakadancin Japan da ke Abuja. In da hali ka sauka filin jirgin saman Haneda, don daga na Narita zuwa cikin gari kusan awa ɗaya ne a jirgin ƙasa. Sayi katin Suica na biyan kuɗin jirgin ƙasa, ka kama masauki kusa da layin dogon Yamanote. Jiragen ƙasa kan daina aiki wajen tsakar dare, tasi kuwa tsada.

Hajiyar Sabon Gari: Abinci fa, ɗana! Romon taliyarsu ta ramen sau da yawa da alade ake dafa shi, ka tambaya kafin ka ci. Ranar Juma'a je masallacin Tokyo Camii, kusa da tashar Yoyogi-Uehara.

Malamin Kongo: Soket ɗinsu mai rami biyu ne, filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga. Tafi da adafta.