Ka san kotun da za ka kai ƙararka

Ga abin da na tsinta a zamanmu na bayan Isha'i a Jidda, inda dattawan da suka daɗe a Saudiyya suka yi wa sababbin zuwa bayani.

Abin da suka fi nanatawa shi ne rikicin albashi. Idan kafili, wato ubangidan da kake aiki a ƙarƙashinsa, ya riƙe maka haƙƙi, ba kotu ake fara zuwa ba. Sai ka bi ta sulhu a Ma'aikatar Ƙwadago, wanda ake ba kwana 21 na aiki. In ya ci tura, sai kotun ma'aikata, wadda ta soma aiki a 2018. Kada ka bari wata 12 su wuce bayan rabuwarku da kafili ba ka shigar da ƙara ba. Nan mutanenmu ke yin asara, suna haƙuri har lokaci ya ƙure.

In kuwa hukumar gwamnati ce ta yanke maka hukunci, wannan na Diwanul Mazalim ne, wato kotun da ake kai ƙarar hukumomin gwamnati, amma ka fara kai kuka ga hukumar cikin kwana 60.

Bashi tsakaninka da wani, kotun gama-gari, ta manhajar Najiz ta Ma'aikatar Shari'a. Wani dattijo ya ce a adana rasit da takardar kwantiragi, domin alƙali hujja yake nema.