Neman shawara: sensar zaren haske ta ƙi komawa inda ta fara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Aikin kammala digirina kan gano sinadari a ruwa ne da zaren haske, wato siririn zaren da haske ke bi ta cikinsa. Na kankare ɓawon zaren roba mai kaurin milimita 1, na sa jan kwan LED a baki ɗaya, fotodayod (na'urar auna haske) a ɗaya bakin. Da na tsoma wurin da na kankare a ruwan shuɗin rinin da ake kira metilin bulu, haske ya ragu yadda ake so. Amma ko na ɗauraye, lambar da na'urar ke nunawa ba ta dawowa inda ta fara, kuma ko ban taɓa komai ba sai ta yi ta zamewa. Saura mako uku in gabatar. Ina na kuskure?

Wata malama: Wa alaikumus salam ɗana. Ɗaga zaren ka duba a haske, za ka ga ya yi shuɗi-shuɗi. Rinin ne ya manne. Nisan da haske ke leƙowa daga cikin zaren bai kai maikuromita ɗaya ba (kashi ɗaya cikin dubu na milimita), don haka abin da ya liƙe a jikinsa yake gani, ba abin da ke yawo a kofi ba. Zaɓin jan kwan dai ka yi daidai, wannan rinin ya fi shan haske mai tsawon zango wajen nanomita 664, wato jan haske. Ka fara auna ruwan rini mai tsarma-tsarma, ka hau zuwa mai kauri, kada ka yi akasin haka. In ya yi kauri sosai, dokar Beer-Lambert, mai danganta kaurin rini da yawan hasken da ya sha, ma ba za ta ba ka miƙaƙƙen layi ba.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Zamewar kuma kwanka ne ke ɗumi. Kunna shi ka bar shi rabin awa tukuna, ka rufe komai da baƙin kwali. In da hali, raba hasken biyu, zare ɗaya kada ya taɓa ruwa, ka riƙa kwatantawa.

Wani ɗalibi: Don Allah kar ka wanke da asiton, sinadarin nan mai goge fentin farce! Nawa zaren a gabana ya yi fari ya narke.

Mai tambaya: Malama, wallahi shuɗi ne! To in lanƙwasa shi kamar harafin U, an ce ya fi jin canji a ruwan?

Malamar: Ya fi, amma ka gwada shi da ruwan sukari. Sukari ba ya shan jan haske, duk da haka lambar za ta motsa, saboda yadda ruwan ke karya haske ya canza. Wannan tambayar za su yi maka ranar gabatarwa.