Shawarwari ga mai niyyar zuwa ganin raƙuman dawa na Dabous

Da aka tattauna da waɗanda suka taɓa zuwa Dabous, wurin da mutanen dā suka sassaƙa siffofin raƙuman dawa a jikin dutse, kimanin kilomita 110 arewa da Agadas ta hanyar Arlit, bakinsu ya zo ɗaya kan cewa kada mutum ya tafi shi kaɗai. A nemi ɗan jagora daga Abzinawan yankin, a tuntuɓi hukuma kan tsaro, a ɗauki mota mai ƙarfi da ruwa isasshe. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi daɗin tafiya.

Inda suka fi jan hankali shi ne ladabin wurin. Babban raƙumin dawan da aka sassaƙa a jikin dutsen ya haura mita 5, kuma ya shekara dubbai. Dutsen mai laushi ne, takalmi na cinye shi, don haka kada a taka zanen. Kada a zuba masa ruwa ko a bi layukansa da alli wai don hoto ya fito. Wannan ɗabi'a tana ɓata min rai ƙwarai, domin abin da ya goge ba ya dawowa. Mai son hoto ya isa da sassafe ko da la'asar, lokacin da inuwa ke fito da kowane layi.